Rarraba kwangilar gwamnati mai haɗe da nau'o'i daban-daban

Kwangila mai haɗe-haɗe ita ce wadda hukumar gwamnati ke bayarwa ta ƙunshi nau'in saye fiye da ɗaya, kamar sayen na'ura tare da girka ta da horar da masu aiki da ita. Kafin a tallata ta, dole ne hukumar ta sanya ta a rukuni guda, domin rukunin ne ke nuna ƙa'idar da za a bi.

Rukunai

Dokar sayen kayan gwamnatin tarayya, wadda Shugaba Umaru Musa 'Yar'adua ya sanya wa hannu a shekarar 2007, ta kasa saye gida uku: kayayyaki, ayyukan gine-gine, da hidimomi. Hukumar BPP da ke Abuja ce ke sa ido a kan aiwatar da ita. Asibitin Tarayya na Birnin Kudu yana bin wannan doka, yayin da ayyukan da jihar Jigawa ke yi da kuɗinta a Birnin Kudu da Gwaram ke bi ta hukumar tantance kwangiloli ta jiha da ke Dutse.

Yadda ake tantancewa

Ana duba ainihin abin da ake son samu. Dokar ta lasafta hidimar da ke biye da kawo kaya a cikin kayayyaki. Haka kuma haƙa, zana taswira da makamantansu suna shiga aikin gini, muddin kuɗinsu bai wuce na ginin ba. Misali, idan asibiti ya sayi na'urar ɗaukar hoto da sharaɗin a girka ta, kwangilar kaya ce. Idan kuwa rijiyar burtsatse za a haƙa a wani ƙauyen Gwaram, da tanki da famfo mai amfani da hasken rana, aikin gini ne, ko da yake akwai kaya a ciki. Tarayyar Turai ma, a dokarta ta 2014, tana bin babban abin da kwangilar ta ƙunsa.

Muhimmanci

Kowane rukuni yana da iyakar kuɗin da jami'i ko kwamiti zai iya amincewa da shi. A kaya da gini, mai farashi mafi sauƙi cikin waɗanda suka cika sharuɗɗa ne ke samun aiki, amma a hidimar masu ba da shawara ana auna ƙwarewa. Kuskuren rukuni kan sa aiki ya faɗa hannun wanda bai iya ba. Daddatsa kwangila don kauce wa iyakar kuɗi laifi ne da dokar ta tanadar wa hukuncin ɗauri.