Daga En'e Zuwa Ƙaramar Hukuma: Sawun Murtala a Karkarar Kano

Kafin 1976, manomin Dambatta ko Bichi hukuma ɗaya ya sani, wato En'e. Mai unguwa ya tara haraji ya miƙa wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, daga nan sai baitulmali a birni. Tsarin da ya maye gurbin wannan ya samo asali ne daga shirin wani soja ɗan Kano, Janar Murtala Ramat Muhammad.

An haifi Murtala ranar 8 ga Nuwamba, 1938. Ya yi Kwalejin Gwamnati ta Zariya, wadda ake kira Barewa, ya shiga soja a 1958, ya samu horo a Sandhurst ta Ingila. Yana cikin jagororin juyin mulkin Yulin 1966, kuma a yaƙin basasa ya riƙe Runduna ta Biyu, wadda ta ƙwato Benin amma ta yi asarar sojoji masu yawa wajen ƙoƙarin ƙetare Kogin Kwara zuwa Onitsha. Kisan farar hula a Asaba a 1967 na nan a matsayin tabo ga rundunar.

Ranar 29 ga Yuli, 1975, shugaban ƙasa Janar Gowon yana taro a Kampala, matasan hafsoshi suka hamɓarar da shi, suka ɗora Murtala a kan mulki. A Kano, Kanar Sani Bello ya gaji Audu Baƙo a matsayin gwamna. A jawabin 1 ga Oktoba, Murtala ya zayyana matakan miƙa mulki ga farar hula a 1979, kuma gyaran ƙananan hukumomi na ciki.

Bai ga cikar shirin ba. Bayan ya mai da jihohi 12 zuwa 19, sai sojoji masu yunƙurin juyin mulki ƙarƙashin Dimka suka harbe shi a Legas ranar 13 ga Fabrairu, 1976. Obasanjo, wanda ya gaje shi, shi ne ya aiwatar da gyaran a shekarar. Jihar Kano ta samu ƙananan hukumomi 20, ciki har da Dambatta, Bichi, Minjibir da Dawakin Tofa. Ragamar kuɗi da ayyuka ta koma hannun shugaban ƙaramar hukuma da kansiloli, aikin masarauta ya zama na ba da shawara.

Sai dai hakimi da dagaci ba su gushe ba. Haraji da jangali ma sai a 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke su. Shi ya sa har yau manomi ke neman taki da rijiyar burtsatse a sakatariyar ƙaramar hukuma, amma rigimar iyakar gona ƙofar dagaci yake fara kai ta.