Idan Kun Ɓace Cikin Jakunkunan Kwamfuta

Wanda ya fara koyon ba kwamfuta umarni da rubutu, a wannan baƙin allo da ake kira tarminal, yakan gamu da wata damuwa tun makon farko. Ya ajiye aikinsa jiya, yau ya nema, na'ura ta ce babu. A allon da aka saita da Faransanci, kamar yawancin waɗanda muke gani daga Gure zuwa Damagaram, amsar takan ƙunshi "Aucun fichier ou dossier". Kada hankalinku ya tashi. Sau da yawa aikin yana nan, ku ne kuke tsaye a wani wuri dabam.

Manhajar da ke karɓar umarninku a yawancin kwamfutocin Linux sunanta bash, wadda Brian Fox ya fitar a 1989. Ku ɗauki jakunkunan kwamfuta kamar gida mai zaure da ɗakuna, ɗaki cikin ɗaki. Kowane lokaci bash yana tsaye a ɗaki guda, kuma in ba ku faɗa masa cikakkiyar hanya ba, a nan kaɗai zai duba. Saboda haka tambayar farko ita ce: ina nake? Ku rubuta pwd, zai nuna muku. Ku rubuta ls, zai jera abin da ke wurin. Da cd ake shiga jaka. Idan kun rubuta cd .. kun fita zuwa jakar da ke sama, cd shi kaɗai kuma yana mayar da ku jakarku ta asali. Akwai cd - mai mayar da mutum inda ya baro, amma taki ɗaya kawai yake tunawa.

Idan kuna daidai wurin amma jaka ta ƙi buɗuwa, ku dubi rubutun sunan. A wajen bash, Darasi da darasi suna biyu ne, domin babban baƙi da ƙarami ba ɗaya ba ne. Haka Gouré mai alama a kan wasalin ƙarshe ba Goure ba ne. Sunan da ke da fili a tsakiya sai an sa shi cikin alamar zance: cd "Ajin Mata". Mafi sauƙi, ku rubuta farkon sunan ku danna Tab, na'ura ta cika sauran.

Yanzu sai maganar tarihi, wadda a ganina ta fi muhimmanci, ko da yake masu koyarwa sukan wuce ta da sauri. Bash yana riƙe umarnin da kuka ba shi. Kibiyar sama tana dawo da su ɗaya bayan ɗaya, history yana jera su da lambobi, Ctrl da R kuma suna nemo wanda kuka tuna guntunsa. Sai dai bisa al'ada ba ya rubuta su cikin fayil ɗin .bash_history sai lokacin da aka rufe tarminal yadda ya kamata. Wuta ta ɗauke kuna tsakiyar aiki, ko batirin sola ya ƙare, tarihin wannan zama ya tafi ke nan. Mu da muka san halin wutar lantarki a lokacin zafi, gara mu riƙa rubuta history -a lokaci lokaci, domin shi ne ke ajiye su nan take.

Ga kuma abin da ya fi haɗari. Tarihi yana tuna abin da kuka rubuta, amma ba ya tuna ɗakin da kuke tsaye sa'ad da kuka rubuta shi. A ce jiya kuna cikin jakar gwaji kun rubuta rm *.txt don share tarkace, umarnin ya sami lamba 25. Yau kuna cikin jakar sunayen ɗalibai, kuka rubuta !25. Bash ba zai tambaye ku ba, zai share fayilolin wannan jaka masu irin wannan suna, kuma abin da rm ya share ba ya zuwa kwandon shara. Kafin ku maimaita tsohon umarni, ku rubuta !25:p, wanda zai nuna muku shi ba tare da aikatawa ba, sannan ku rubuta pwd ku ga inda kuke.