Filin hokin Calumet: wa ya fi shi tsufa, kuma a wane mako aka buɗe shi?

Tun da jami'ar Northeastern da ke Boston ta sanar cewa za ta rushe Matthews Arena ta gina sabo a gurbinsa, tsohuwar gardama ta sake tashi tsakanin masoya wasan hoki na kan ƙanƙara: wane rufaffen fili ne ya fi kowanne daɗewa ana wasa a cikinsa? Na Boston an buɗe shi a 1910. Na garin Galt a Kanada, wanda masu shi ke kiransa mafi tsufa da bai taɓa tsayawa ba, sai a 1922 ya fara aiki. Tsakaninsu akwai na wani ƙaramin gari a can ƙuryar arewacin jihar Michigan ta Amurka, wato Calumet Colosseum, wanda aka gina a 1913.

A ganina shari'ar ba ta da wuya. Gobara ta ci ginin Boston a 1918, ba a sake buɗe shi ba sai 1921, don haka ko kafin maganar rusau zaren ya riga ya tsinke. Na Galt kuwa ƙane ne da kusan shekara takwas. Gaskiya tana wajen mutanen Calumet. Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake ambaton 1913 kamar lamba ce kawai a jikin bango, alhali ita ce shekarar da garin bai taɓa ganin irinta ba.

Calumet garin tagulla ne. Yana kan zirin ƙasar Keweenaw da ya kutsa cikin tafkin Superior, inda dusar ƙanƙarar da ke zuba a shekara kan haura mita biyar. Kamfanin Calumet and Hecla ke da ramukan haƙar, shi ke da gidajen da ma'aikata ke haya, shi ya gina asibiti da ɗakin karatu. A ƙidayar 1910 gundumar Calumet tana da mutum sama da 30,000: 'yan Finland, Italiyawa, 'yan Kuroshiya da Sulobeniya, da 'yan yankin Cornwall na Ingila. Hunturu a can wata biyar ne ko fiye, ga samari majiya ƙarfi, ga Kanada a maƙwabta. Shi ya sa hoki ya yi saiwa da wuri. Wani likitan haƙori ɗan Kanada, Jack Gibson, da ya zauna a Houghton kusa da nan, yana cikin waɗanda suka kafa gasar hoki ta farko a duniya da ake biyan 'yan wasa albashi a fili, daga 1904 zuwa 1907, kuma Calumet na da ƙungiya a ciki.

A shekarar da aka gina Colosseum, ranar 23 ga Yulin 1913, ma'aikatan haƙa suka shiga yajin aiki ƙarƙashin ƙungiyar ƙwadago ta Western Federation of Miners. Suna neman aikin awa takwas, da ƙarin lada, da a janye sabuwar na'urar huda dutse wadda mutum ɗaya ke riƙewa maimakon biyu, domin tana rage ma'aikata, tana kuma barin mutum shi kaɗai a ƙarƙashin ƙasa ba mai kawo masa ɗauki. Manajan kamfanin, James MacNaughton, ya ƙi ko zama da ƙungiyar. Gwamna Woodbridge Ferris ya turo dakarun jiha. Wata mata, Anna Clemenc, ita ke shiga gaban jerin gwano riƙe da ƙatuwar tutar Amurka. 'Yan kasuwa da masu goyon bayan kamfani su ma suka kafa tasu ƙungiyar, Citizens' Alliance, suna maƙala bajonta a ƙirji.

A jajibirin Kirsimeti matan ƙungiyar ƙwadago suka shirya wa 'ya'yan masu yajin aiki walima a saman benen Italian Hall. Ɗaruruwan mutane ne a ciki, yawancinsu yara da suka yi wata biyar ba albashi a gidajensu. Sai wani ya yi ihun gobara. Babu wuta ko kaɗan. Jama'a suka ruga zuwa matakalar da ke sauka ƙofar titi, aka yi turmutsutsu, wasu kan wasu. Mutum 73 suka rasu, 59 daga ciki yara.

Wa ya yi ihun? A nan ruwayoyi suka rabu, kuma har yau ba su haɗu ba. Binciken farko da aka yi a garin bai ɗora wa kowa laifi ba. Amma an yi wa shaidu tambayoyi da Turanci ba tare da tafinta ba, alhali da yawansu ba su iya shi sosai ba. Da kwamitin majalisar wakilan Amurka ya zo a farkon 1914, shaidu da dama sun rantse cewa mutumin yana sanye da bajon Citizens' Alliance. Daga baya wata magana ta yaɗu, wai ƙofofin ciki suke buɗewa, su suka tare mutane, wato tsautsayi ne da kuskuren magini. Masu binciken da suka koma kan hotuna da bayanan lokacin sun yi jayayya da wannan, kuma ni ma ban gamsu da ita ba: bayani ne mai sauƙe nauyi daga kan mutum ya ɗora wa katako. Ba zan ce an tabbatar da sunan kowa ba, don ba a taɓa gurfanar da kowa ba. Sai dai kwana biyu bayan abin, wasu mutane suka far wa shugaban ƙungiyar ƙwadagon, Charles Moyer, a masaukinsa a Hancock, suka harbe shi a baya, suka jefa shi jirgin ƙasa da rauninsa. Wanda ya san wannan zai fi karkata ga shaidar iyayen yaran.

An yi jana'izar yawancin mamatan ranar 28 ga Disamba. Cikin kwanakin da suka biyo baya aka buɗe ƙofar Colosseum, tafiyar 'yan mintuna da ƙafa daga wancan bene, kuma ranar 6 ga Janairun 1914 aka buga wasan farko tsakanin ƙungiyoyin Calumet da Portage Lake. Ban ɗauki wannan a matsayin rashin tausayi ba. Gari ne da ya rabu biyu, yajin aikin bai ƙare ba sai Afrilu, da rinjayen kamfani, kuma bayan haka dole ɗan mai haƙa da ɗan mai kanti su ci gaba da zama wuri guda. Filin yana cikin wuraren da suka haɗa su.

Fiye da shekara hamsin sanyin Allah ne ke daskarar da filin: a malala ruwa a daɓe, a bar iskar waje ta yi aikinta, in yanayi ya sassauta wasa ya tsaya. A 1942, bayan gobara ta cinye barikin dakarun jiha, hukuma ta karɓi ginin ta mai da shi nasu, sunansa ya koma Calumet Armory, amma ba a kori masu hoki ba. An sa injin daskarar da ruwa a 1968, shekarar da wani yajin aikin ya tsayar da ramukan Calumet and Hecla, tsayawar da ba su sake tashi daga ita ba. An rushe Italian Hall a 1984, sai bakan ƙofarsa aka bari. A 2005 gundumar ta karɓi filin, ta maido masa da sunansa na asali.

Yau ƙauyen Calumet bai kai mutum dubu ba. A 2019 filin ya ci gasar Kraft Hockeyville da ƙuri'un jama'a, ya sami dala 150,000 na gyara, kuma ranar 26 ga Satumba Detroit Red Wings ta doke St. Louis Blues, zakarun wannan shekarar, da ci 4 da 1 a gaban 'yan ɗaruruwan da ginin ke iya ɗauka. Sauran kwanakin hunturu na yara ne masu koyon zamiya, da ƙungiyar makarantar sakandare, Copper Kings, da manyan Calumet Wolverines, waɗanda a ƙarshen kowace kaka suke karawa da Portage Lake Pioneers a kan kofin Gibson.