Émile Allais, Malamin Zamiyar Ƙanƙara da Ya Cika Shekara Ɗari

Ranar 17 ga Oktoban 2012 wani dattijo ya rasu a Sallanches, wani gari da ke gindin dutsen Mont Blanc a gabashin Faransa, wata takwas bayan ya cika shekara ɗari a duniya. Jaridun ƙasar sun fi tunawa da lambobin zinariyar da ya ci yana saurayi. A ganina lambobin su ne mafi ƙanƙantar abin da Émile Allais ya bari, domin shekara huɗu kacal ya yi yana lashe su, ya kuma shafe fiye da shekara talatin bayansu yana sauya yadda talaka da attajiri ke gangarowa daga kan dutse.

Bari mu fara da wasan kansa, tunda yawancinmu a talabijin muke ganinsa. Mutum yana ɗaura dogayen alluna biyu siririya a ƙafafunsa, ya riƙe sanduna biyu, ya saki jiki daga saman dutsen da dusar ƙanƙara ta lulluɓe. Gangarowa ba ta da wuya, nauyin jiki ne ke yin aikin. Wuyar tana wajen juyawa da tsayawa. Wanda bai iya juyi ba, itace ko kwazazzabo ne zai tsayar da shi. Saboda haka tarihin koyar da wannan wasa kusan dukansa gardama ce a kan tambaya ɗaya: yaya ake juyawa?

An haifi Allais ranar 25 ga Fabrairun 1912 a Megève, ɗan mai gasa burodi. A lokacin Megève ƙauyen manoma ne da hunturu ke rufe wa ƙofa. Abin da ya sauya shi shi ne Noémie de Rothschild, wata attajira da ta ƙuduri aniyar samar wa Faransa wurin shaƙatawar hunturu irin St. Moritz na Suwizalan, ta gina otal a tudun Mont d'Arbois a farkon shekarun 1920. Baƙi suka fara zuwa da kuɗi, kuma malaman da ake ji da su a zamanin 'yan Ostiriya ne. Yaron ya tashi yana kallon ƙafafunsu.

Salon da ya mamaye duniya a lokacin shi ne na Arlberg, wanda Hannes Schneider ya tsara a St. Anton. A wannan salo, mai koyo yana haɗa kawunan allunan a gaba ya buɗe su a baya, kamar bakin garma, ya riƙa rage gudu da hakan, sannan ya juya a hankali. Salo ne mai aminci, kuma shi ya fara mayar da koyarwa aiki mai matakai da ajujuwa. Sai dai yana cin gudu. Allais, wanda ya karu ƙwarai da Anton Seelos, wani ɗan Ostiriya da ya horar da tawagar Faransa, ya tafi a kan cewa allunan su zauna a jere kafaɗa da kafaɗa, mutum ya karkata gaba, ya fara juyin daga kafaɗunsa. Daga baya ya shahara da wata dabara da Faransawa suka yi wa laƙabi da harbin doki: a ɗaga ƙarshen allunan biyu sama a lokaci guda, a karkatar da su, a sauke.

Gardamar da a baki ake yi, agogon gasa ya raba ta. A 1935 ya ci azurfa a gasar duniya a Mürren. A 1936 ya ci tagulla a gasar Olamfik ta hunturu a Garmisch-Partenkirchen, a Jamus ta Hitler. A 1937, a Chamonix, gaban mutanen ƙasarsa, ya kwashe zinariya uku: ta gangara kai tsaye, ta ratsa tsakanin turaku, da ta haɗin biyun. A 1938 ya ƙara wata a Engelberg. A shekarar 1937 ɗin ce kuma shi da Paul Gignoux suka fitar da littafin da ya shimfiɗa salon Faransa, aka ɗora makarantar koyarwa ta ƙasa a kansa.

Kada a ɗauka kishin ƙasa ne kawai. Duk baƙon da ya zo koyon zamiya yana biyan malami, yana kama ɗaki, yana cin abinci. Muddin ana ganin gwanin koyarwa sai ɗan Ostiriya, to kuɗin malanta can za su tafi, 'ya'yan manoman Savoie kuma su ci gaba da ɗaukar kaya. Samun salo na gida ya ba samarin ƙauyukan dutse sana'ar hunturu da shaidar ƙwarewa, a yankin da aka saba matasa su tafi birni ci-rani idan sanyi ya shigo.

Yaƙin Duniya na Biyu ya katse gasa. Bayansa Allais ya ƙetare teku. Ya koyar a Kanada, ya shugabanci makarantar Squaw Valley a Kalifoniya lokacin da aka buɗe wurin a 1949, ya horar da tawagar Amurka zuwa gasar Oslo ta 1952. Idan bazara ta narkar da ƙanƙarar arewa, sai ya sauka Portillo a ƙasar Cile, inda hunturu ke kamawa a watan Yuni. Mutum ne da ya yi shekaru yana bin sanyi daga wannan gefen duniya zuwa wancan.

Abin da ya dawo da shi gida a 1954, lokacin da aka ba shi kula da hanyoyin zamiya a Courchevel, shi ne darasin da Amurkawa suka koya masa: mai biyan kuɗi ba zakara ba ne. Ma'aikacin ofis ne da ya zo da matarsa da 'ya'yansa na mako guda, kuma ba ya son komawa gida da karaya. A Turai ta wancan lokaci ana barin dusar ƙanƙara yadda ta sauka, mai iyawa ya iya. Allais ya sa aka riƙa gyara hanyoyin tun da rani, a cire duwatsu da kututture, da hunturu kuma a daddanne dusar ta yi laushi bai ɗaya, da farko da ƙarfin mutane, daga baya da motoci masu tafiya a kan sarƙa. Ya kafa ma'aikata na dindindin masu sintiri, suna kafa alamu, suna ɗauko wanda ya ji rauni. Yau da wuya a sami wurin zamiya a tsaunukan Alps da ba a yin haka. Ya kuma sa hannu a tsara La Plagne da Flaine, kuma allunan ƙarfe na kamfanin Rossignol masu ɗauke da sunansa, Allais 60, su ne Jean Vuarnet ya hau ya ci zinariya a 1960, a Squaw Valley ɗin da Allais ya taɓa koyarwa.

Akwai abin da za a iya tuhumarsa da shi, kuma ban ga dalilin ɓoye shi ba. Sauƙaƙa dutse ya jawo miliyoyin mutane, su kuma suka jawo dogayen benayen siminti a wuraren da a da makiyaya ne, ƙauyuka suka jingina rayuwarsu a kan abu ɗaya. Yanzu da ɗumamar yanayi ke rage dusar ƙanƙara a wurare marasa tsayi sosai, Megève kanta, da ke kan mita 1,100 da 'yan kai, tana dogara da injinan ƙera dusa don cike giɓi.

Iyali kuwa ya zo masa a makare. Ya sake aure bayan ya manyanta, ya haifi 'ya'ya mata biyu a shekarun da sa'o'insa ke goyon jikoki, ya rene su a Megève, a kan duwatsun da ya koyi tsayuwa. Shi kansa bai ajiye allunansa ba har ya kai shekara casa'in. Mutanen garin sun saba ganin tsoho mai farin gashi yana gangarowa cikin natsuwa, ƙafafu a haɗe, a tsakiyar baƙin da ba su san waye shi ba.