Ciwon yaushin yalo: me ke kawo shi, kuma ina maganinsa yake?

Jama'a masu noman rani, da yawanmu mun san wannan abu. Yalo ya tashi shar, ya fara fure, sai ganyen ƙasa ya yi ɗorawa, sau da yawa gefe guda. Da rana ya yi yaushi, da dare ya ɗan farfaɗo, har ranar da ba ya tashi. Mai garka ya ƙara ruwa, ya sayo maganin feshi, a banza.

Abin da ke kawo shi wani irin fumfuna ne da ido ba ya gani, masana na ce masa Fusarium. Cikin ƙasa yake zaune, yana iya shekaru da yawa ko babu shuka, kuma yana son ƙasa mai zafi. Ta saiwa yake shiga, ya toshe jijiyoyin da ruwa ke bi zuwa ganye. Shi ya sa feshi bisa ganye bai kai gare shi. In muka tsaga karan, za mu ga jijiyoyin sun yi ruwan ƙasa.

A Japan aka fara bayyana wanda ke kama babban yalon nan mai baƙar fata, da muke kira obarjin, a 1958. Tunda feshi bai yi, masana suka koma neman irin da ke jure ciwon. Ina aka same shi? Cikin yalo da gauta irin namu na Afirka. Matsalar ita ce, in aka yi barbarar su da obarjin, abin da aka haifa da wuya ya ba da iri. Masu bincike a Italiya suka haɗa ƙwayoyin tsiron biyu a ɗakin gwaji, suka yi ta maimaita barbara da obarjin, suna zaɓen wanda ya tsira. A 2008 suka bayyana cewa ƙwayar gado guda ce ke ɗauke da juriyar, suka sa mata suna Rfo-sa1.

Akwai kuma dabarar aure, kamar yadda muke wa mangwaro: a ɗora obarjin bisa saiwar wani ɗan'uwansa na daji mai juriya.

To mu fa? Kada mu yar da irin gida don na gwangwani. Mu ɗebi iri daga gindin da ya tsaya lafiya inda sauran suka mutu. Irin da aka rubuta F1 bisa ledarsa kuwa, 'ya'yansa ba sa fitowa daidai da uwar, ba na ajiya ba ne. Gindin da ya kamu mu tuge shi da saiwa mu ƙone. Mu yi renon dashe a ƙasar da ba ta taɓa ciwon ba, wurin da ya kamu kuma a sa masa masara ko dawa na wasu shekaru.

'Yan'uwa da ke waje masu aiko kuɗin magani, gara a sa su wajen iri mai kyau, bayan an tambayi malamin gona.