Daga Jaki zuwa Boxer: Yadda Hanya Ta Zaɓa wa 'Yankuzo Babur

Baburan da ke shigowa Tsafe daga 'Yankuzo da ƙauyukan da ke kewaye da ita kusan duk fasalinsu ɗaya ne: ƙaramin inji, dogon sirdi, kariyar ƙarfe a baya, da tayoyi masu tsayi. Wanda ya kai yara makaranta da safe shi ne zai ɗauko buhun masara daga gona da hantsi, shi ne kuma zai kai mara lafiya asibiti a Gusau, ko ya zarce da mai shi ta'aziyya Bunguɗu. Dillalai kan ce ra'ayin mai saye ne ya kawo wannan kamanni. Tarihin abin hawa a wannan yanki bai goyi bayansu ba. Hanya da aljihu da bakanike su ne suka yi zaɓin tun da daɗewa, kuma ma'aunin da suka auna babur da shi ya girmi babur ɗin kansa.

Ma'aunin na jaki ne. Kafin zuwan mota, fataken da ke ratsa ƙasar 'Yandoto da Tsafe da Kwatarkwashi suna son dabbar da za ta ɗauki mutum da kaya, ta ci abin da ake samu a kowane zango, kuma in ta ƙi ci a sayar da ita a kasuwa mafi kusa ba tare da asara mai yawa ba. Doki ya fi jaki sauri da kwarjini, amma ɗawainiyarsa sai sarakai da attajirai. Da layin dogo ya taso daga Zariya ya ratsa Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929, auduga da gyaɗa suka mai da Gusau babban gari, jirgi da manyan motoci suka karɓe doguwar tafiya. Sai dai jirgi ba ya shiga gona, kuma motar kaya ba ta bin turba. Tazarar da ke tsakanin rumbun manomi da bakin titi ta zauna a hannun jaki, daga baya keken Raleigh ya zo ya raba aikin da shi. Wannan tazarar ce har gobe take yanke hukunci a kan kowane abin hawa da ya shigo yankin.

Babur ya fara yawaita ne a hannun masu albashi. Ƙarin albashin Udoji na 1974, a tsakiyar zamanin kuɗin man fetur, ya sa malaman makaranta da malaman gona da na asibiti suka sayi Vespa da Honda da Suzuki da Yamaha. Vespa ta zama alamar wayewa, angwaye suka riƙa ɗaukar hoto a kanta, amma tayarta ba ta wuce inci 10 ba, cikinta kuma kusa da ƙasa yake. A titin Gusau sarauniya ce. A rairayin ƙorama ko taɓon Agusta sai mai ita ya sauka ya tura. Baburan Japan masu manyan tayoyi sun fi ta dacewa da karkara, har kamfanin Honda ya kafa masana'antarsa a Ota ta jihar Ogun a 1979. Abin da ya raba su da talaka kuɗi ne. Tsarin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Babangida a 1986 ya karya darajar naira, sabon babur ya gagari ma'aikaci, aka koma sayen na hannu da 'yan Kwatano. A wannan matsin ne kabu-kabu ya bunƙasa, lokacin da mai babur ya gane cewa abin hawansa zai iya ciyar da gida. Daga ranar da babur ya zama jari, kyan gani ya daina zama hujjar saye. Ƙirƙiro jihar Zamfara a 1996 ya ƙara wa Gusau jama'a da zirga-zirga, sana'ar ta ƙara kasuwa, ko da yake bayan ƙaddamar da shari'a a zamanin Ahmad Sani Yariman Bakura an hana 'yan kabu-kabu ɗaukar mata.

Daga nan baburan Sin suka shigo da arha, Jincheng a kan gaba, kuma dole a ba su haƙƙinsu: su ne suka fara sa babur a ƙofar manomin da bai taɓa karɓar albashi ba. Amma Jincheng ɗin da ya cika gari an ƙera shi ne a kan tsohon fasalin Suzuki, irin injin da ke ƙona baƙin mai tare da fetur. Yana da zafin tashi, gyaransa ba wuya, sai dai ga hayaƙi, ga shan mai, ga yawan cin fulogi. Bajaj Boxer na ƙasar Indiya ya zo da injin da baƙin mansa ke zaune a ma'ajinsa daban, wanda lita ɗaya ke kai shi nesa fiye da na farkon. Injin bai fi sisi 100 da wani abu ba, amma an ɗora shi a kan gangar jiki mai jure nauyi, da tayoyi masu inci 17, da sirdin da ke ɗaukar magidanci da iyalinsa. Ɗan kabu-kabu mai biyan balas kullum ba ya bukatar a karanta masa takardar kamfani. Kuɗin da ya rage a aljihunsa bayan magariba ya ishe shi hujja. Da masu haya suka karkata, masu kayan gyara suka bi su, yaran bakanike suka koyi injin tun suna wanke ƙarafa, har aka kai matsayin da in sarƙa ta tsinke ko kuloci ya ƙone a ƙauye, da wuya a rasa wanda zai gyara kafin rana ta faɗi. Nijeriya ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin Bajaj a wajen Indiya ta wannan hanya.

Wani zai ce ai wannan hujjar ta gajeriyar tafiya ce, wanda zai bi titin Funtuwa zuwa Gusau har Sakkwato babban inji ya kamace shi. Akwai gaskiya a ciki: ƙaramin inji yana wahala idan aka matsa masa na sa'o'i, kuma mahayinsa yana shan iskar tirela. Amma doguwar tafiyar mutumin 'Yankuzo ba irin ta Bature mai yawon buɗe ido ba ce, wanda ke hawa daga kwalta ya sauka a kwalta. Tasa tana farawa ne daga turba, ta bi burji, ta hau kwalta, sau da yawa ta ƙare a wata turbar. Babur mai nauyi in ya kafe a mashigi sai an tara mutane, in ya lalace sai an aika Kano neman kayansa, in kuma aka tashi sayar da shi ranar da bukata ta taso, masu taya shi ba su da yawa. Minti ashirin da babban inji zai rage a kan titi ba su biyan kwana uku na jiran kayan gyara.

Suka ta biyu ta fi nauyi, kuma ba wanda ke zaune a ƙasar Tsafe da zai raina ta. Siffofin da suka sa babur ya yi wa manomi rana su ne suka sa ya zama abin hawan 'yan bindiga: yana ɗaukar mutum uku, yana ratsa daji, ba ya shan mai. Honda Ace mai sisi 125, wadda aka fito da ita kasuwar Nijeriya a 2011 don ta yi gogayya da na Indiya da na Sin, ta sami laƙabin "Boko Haram" a bakin jama'a, har masu garkuwa da mutane kan sa ta cikin kuɗin fansa. Saboda haka a Mayun 2019 rundunar soji ta hana hawa babur a dazuzzukan jihohi bakwai har da Zamfara, a 2021 kuma gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako, ta hana sayar da fetur a jarka, ta taƙaita hawan babur da dare, aka kuma katse layukan waya. Masu goyon bayan irin wannan mataki suna da dalili, domin ɗan bindiga ba shi da ƙafa sai babur. To amma ita ma mai naƙuda ba ta da wata motar asibiti sai shi. Dokar da ta hau kan babur gaba ɗaya ta fi kama wanda ke bin titi ya tsaya a shingen jami'an tsaro, ba wanda ke kwana a daji ba. Abin da ya kamata a sa wa ido shi ne wa ke sayen babura da yawa a lokaci ɗaya, wa ke kai su daji, wa ke kai musu mai.

Janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 ya ƙara tabbatar da tsohon ma'aunin, domin tun daga lokacin farashin lita ya ninka ya sake ninkawa, kuma tambayar farko da mai saye ke yi yanzu ita ce shan mai. Wanda ya tara kuɗin kaka ko ya kwashi adashi yana shirin sayen babur ɗaya tilo da zai yi masa gari da ƙauye, kada ya fara da shagon dillali. Ya fara zuwa rumfar bakaniken garinsu ya duba irin kayan gyaran da ke rataye a can, ya tambayi 'yan kabu-kabu nawa suke sha daga 'Yankuzo zuwa Tsafe da dawowa, ya kuma binciki farashin na hannu mai shekara biyu. Babur ɗin da ya ci waɗannan ukun shi za a saya, a karɓi rasiɗi, a yi masa lamba, a haɗa da hular kwano.