Tambur: girmansa da yadda ake ɗaukar hotonsa ya karantu a salula

Tambur, wanda a Najeriya ake kira kan sarki, ƴar ƙaramar takarda ce da ake mannawa don shaidar an biya kuɗi. Iri biyu aka fi sani a Nijar: na gidan waya, da ake sa wa wasiƙa, da na haraji, da ake mannawa a kan takardun hukuma, kamar kwafin takardar haihuwa da aka tabbatar a ma'aikatar magajin gari.

Tambur na farko ya fito a Ingila a shekarar 1840, ɗauke da kan Sarauniya Biktoriya, faɗinsa wajen milimita 19, tsawonsa 22. A Nijar kuwa, na farko sun fito a 1921, lokacin da Faransawa suka buga sunan ƙasar a kan tambur na yankin Haut-Sénégal et Niger masu hoton mahayin raƙumi. Masu sunan Jamhuriyar Nijar sun soma fitowa a 1959.

Babu girma guda da aka tilasta wa kowace ƙasa. Sai dai ƙungiyar gidajen waya ta duniya, UPU, da aka kafa a 1874, ta tanadi cewa tsawo ko faɗin tambur kada ya gaza milimita 15, kada ya wuce 50. Haƙoran da ke gefensa ma ana auna su: ana ƙirga nawa ne cikin santimita 2.

Wannan ƙanƙanta ce ke kawo matsala yau. Mutumin Dogondutsi ko Tibiri da ke da ɗa mai karatu a Yamai, ko ɗan uwa mai neman aiki a Dosso, sau da yawa hoton takarda yake fara turawa ta WhatsApp kafin ita kanta ta bi mota. Takardar ofis ta A4 faɗinta santimita 21 ne, fuskar salula kuwa ba ta cika wuce 7 ba. Ke nan komai ya ragu sau uku: tambur mai santimita 3 ya koma 1. Ga shi WhatsApp na matse hoto don rage nauyinsa, ƙananan haruffa su dushe. Kuɗin da ke rubuce a tambur, kwanan wata, da hatimin da ke zagaye da sunan DOGONDOUTCHI mai haruffa 12, su ne ke fara ɓacewa, alhali su mai karɓa ke son gani.

Maganin ba ya buƙatar waya mai tsada. A ɗauki hoto biyu: ɗaya na takardar gaba ɗaya, ɗaya na tambur da hatimi kaɗai, ya cika fuskar wayar. A goge idon kyamara, musamman lokacin ƙurar hunturu. A ɗauka da rana cikin inuwa, ba tare da fitilar waya ba, domin haskenta na ƙyalli a kan takarda. A riƙe wayar daidai saman takardar, kada ta karkata. Wajen turawa a zaɓi Document, domin hoton ya tafi yadda aka ɗauke shi.

Idan tambur ne shi kaɗai, a ɗora shi kan baƙin ƙyalle don haƙoransa su fito. A ajiye masa kwandalar dala ashirin a gefe; faɗinta milimita 26 ne, mai kallo zai gane ainihin girmansa.

Mai aiki da na'urar sikana ya lura da lissafi: tambur mai milimita 40 zai ba da ɗigon hoto wajen 470 a ma'aunin 300 dpi, 945 a 600 dpi. Wayoyi da yawa faɗin fuskarsu ɗigo 720 ne ko 1080, don haka 600 dpi ya fi dacewa.

Kafin a tura, a buɗe hoton a karanta kwanan watan da kuɗin. In mai turawa bai iya karanta su ba, na Yamai ma ba zai iya ba.